Ɗaukar hoton mutum ba da saninsa ba: tanadin doka da na al'ada, bisa misalin jahar Maraɗi

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana nazarin tambaya ɗaya: shin wanda ya ɗauki hoton wani a kasuwa, ko bakin rijiya, ko ƙofar asibiti, ba tare da ya nemi izininsa ba, ya taka doka? Mun ɗauki misali daga hotunan da aka yi a jahar Maraɗi lokacin ƙarancin cimaka na 2005, muka bi asalin abin da masana shari'a ke kira droit à l'image, sa'annan muka duba dokokin Nijar da al'adar Hausawa ta rufin asiri. Mun ƙare da shawarwari ga malamai da ɗalibai masu fita bincike a karkara.

1. Gabatarwa

Gangara ƙaramar hukuma ce ta karkara a kudu maso gabashin jahar Maraɗi, kusa da iyakar Najeriya. Tana cikin gundumar Agye har zuwa 2011, lokacin da aka yanke gundumar Gazawa aka haɗa ta da ita. Wannan yanki, tun daga Gidan Rumji a yamma har zuwa Gazawa a gabas, yana daga cikin wuraren da baƙi suka fi ɗaukar hoto a ƙasar Nijar. Dalilai biyu suka jawo haka, kuma sun saɓa wa juna. Na farko shi ne tamowa, wato rashin abinci mai gina jiki ga yara ƙanana, wadda ta kawo ƴan jarida da ƙungiyoyin agaji. Na biyu shi ne aikin raya itatuwa a gonaki da manoma suka ɗauka tun daga shekarun 1980, wanda ya sa ƙauyuka irin su Ɗan Saga a gundumar Agye suka zama wurin ziyarar masana daga ƙasashe dabam-dabam.

A yau kuma ba baƙo kaɗai ke riƙe da na'urar ɗaukar hoto ba. Duk mai wayar salula ta zamani mai hoto ne, kuma abin da ya ɗauka da hantsi a kasuwar ƙauye yana iya isa Yamai da Kano ta WhatsApp kafin azahar. Saboda haka tambayar da a da ta shafi ƴan jaridar Turai ta dawo ta shafi ɗalibinmu da ke haɗa kundin digirinsa, da ma'aikacin lafiya, da ɗan gari. Kafin mu ci gaba, ya kamata a rarrabe abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa: ɗaukar hoto, da ajiye shi, da yaɗa shi. Kamar yadda za mu gani, doka ba ta yi musu hukunci ɗaya ba.

2. Hotunan 2005

Damina ta 2004 ta yanke da wuri, fara kuma ta faɗa wa wasu yankuna, farashin hatsi ya hau ƙwarai a shekarar da ta biyo. A watan Mayu na 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi taimakon dala miliyan 16 domin Nijar, amma ba a kula ta sosai ba. A tsakiyar watan Yuli tashar talabijin ta BBC ta nuna hotunan da wakiliyarta Hilary Andersson ta aiko daga Maraɗi, na yara masu tamowa a cibiyar ƙungiyar likitoci ta Médecins sans frontières (MSF). Daga nan ƴan jarida suka yi ta kwarara, kuɗin agaji suka fara shigowa, har a watan Agusta aka ɗaga abin da ake nema zuwa kusan dala miliyan 81. A wannan shekara MSF ta kula da yara fiye da 60.000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jahar Maraɗi. A ranar 1 ga Agusta ne Finbarr O'Reilly na kamfanin labarai na Reuters ya ɗauki hoton yatsun wani yaro a kan leɓen uwarsa a wata cibiya ta Tawa, hoton da ya ci babbar lambar World Press Photo ta shekarar.

Babu mai musun cewa waɗannan hotuna sun ceci rayuka. Amma magabata ba su ji daɗinsu ba. Shugaban ƙasa Mamadou Tandja ya faɗa wa BBC a watan Agusta na 2005 cewa babu yunwa a ƙasar, ya kuma zargi wasu ƙungiyoyi da zuzuta lamarin domin neman kuɗi. A watan Afrilu na 2006 gwamnati ta janye izinin aiki na wasu ma'aikatan BBC da suka koma jahar Maraɗi, a watan Yuli na 2008 kuma ta dakatar da aikin reshen Faransa na MSF a jahar. Littafin da Xavier Crombé da Jean-Hervé Jézéquel suka shirya a 2007, mai suna Niger 2005, une catastrophe si naturelle, ya tattara muhawarar da aka yi a kan wannan rikici.

Abin lura a nan shi ne, ɓangarori uku suka yi ta ja-in-ja a kan hotunan: mai ɗauka yana kare ƴancin ba da labari, ƙungiyar agaji tana neman a ga wahala domin a taimaka, gwamnati tana kare sunan ƙasa. Ɓangare na huɗu, wato matar da ke cikin hoton da ɗanta, shi ne aka fi ƙarancin jin muryarsa. Gwamnati tana da ikon hana na'ura shiga jaha sukutum. Matar da ta taso daga wani ƙauyen Gangara da yaro a goye, wane iko take da shi a kan fuskarta?

3. Asalin haƙƙin mutum a kan hotonsa

Tun da dokokin Nijar na zamani sun samo tushe daga na Faransa, daga can ya kamata mu fara. A watan Yuni na 1858 wata kotu ta birnin Paris ta yanke hukunci a kan zanen fitacciyar ƴar wasan kwaikwayo Rachel a kan gadon mutuwarta, wanda aka kwaikwaya daga hoto aka sa a kasuwa ba da yardar danginta ba. Kotun ta ba da umarnin a ƙwace shi. Daga wannan shari'a alƙalai suka ci gaba da gina haƙƙin mutum a kan hotonsa, sun fi dogara ga aya ta 1382 ta kundin Code civil, wadda ta ɗora wa duk wanda ya cuci wani bisa kuskurensa nauyin biyan diyya. Sai a dokar 17 ga Yuli 1970 aka shigar da aya ta 9 da ta tabbatar wa kowa haƙƙin a mutunta rayuwarsa ta sirri.

Ƙa'idar da ta fito daga hukunce-hukuncen Faransa ita ce: ɗaukar hoto a wurin da kowa ke wucewa ba laifi ba ne a kan kansa, amma yaɗa hoton mutumin da aka keɓe kuma ake iya gane shi yana buƙatar yardarsa. An yi togaciya ga hoton taron jama'a inda ba a ware kowa ba, da hoton mai riƙe da muƙami a bakin aikinsa, da hoton da ke nuna wani al'amari na labarai. Ita ma wannan togaciya ta ƙarshe tana da iyaka, wato mutuncin ɗan Adam. A ranar 20 ga Disamba 2000 kotun ƙoli ta Cour de cassation ta tabbatar da cewa buga hoton gawar Claude Érignac, wakilin gwamnati da aka kashe a tsibirin Corse a 1998, a yashe a kan titi, cin mutunci ne. Amma a 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta bai wa mai hoto François-Marie Banier gaskiya a kan wata mata da ya ɗauka tana zaune a bencin titi, bisa hujjar cewa ƴancin fasaha ya rinjaya muddin hoton bai wulaƙanta mai shi ba, bai kuma jawo masa mummunar cuta ba.

Sauran ƙasashe ba su tsaya a wuri ɗaya ba. A Kanada, kotun ƙoli ta tabbatar a 1998 da diyyar dala 2.000 ga wata yarinya ƴar shekara 17 da wata mujalla ta buga hotonta tana zaune a matakalar wani gini a Montréal, ko da yake hoton ba shi da wani aibi. A Amurka kuwa, wata kotun New York ta kori ƙarar da wani dattijo ya shigar a kan Philip-Lorca diCorcia, wanda ya ɗauke shi a ɓoye a dandalin Times Square ya sayar da hoton, tana mai cewa aikin fasaha ne (2006). Wannan bambanci yana da muhimmanci a gare mu, domin hoton da aka ɗauka a Agye ba a Agye ake buga shi ba.

4. Matsayin dokokin Nijar

Dokar Faransa ta 1970 ta zo shekara goma bayan samun ƴancin kai, saboda haka ba ta hau kan alƙalin Nijar ba. Abin da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kai shi ne aya ta 1382, wadda har yanzu take aiki a nan. Wanda aka yaɗa hotonsa yana iya neman diyya da ita, amma sai ya tabbatar da abu uku: kuskuren wanda yake ƙara, da cutar da ta same shi, da alaƙa tsakanin su biyun. Haka kuma, wannan batu ba ya cikin al'amuran da dokar tsarin shari'a ta bar wa al'ada tun 1962, irin su aure, da saki, da gado, da gonakin da ba su da takarda. Ke nan a gaban alƙali rubutacciyar doka ce za ta yi aiki, ko da yake sarakuna da masu gari suna da ikon sasanta mutane kafin a kai can.

Hanya ta biyu ita ce dokar kare bayanan mutum. Nijar ta fara kafa ta da doka mai lamba 2017-28 ta 3 ga Mayu 2017, wadda doka mai lamba 2022-59 ta 16 ga Disamba 2022 ta maye gurbinta, kuma hukumar HAPDP ce aka ɗora wa kula da ita. A wannan tsari, hoton da ake gane mutum a cikinsa bayani ne game da shi, kamar sunansa ko lambar wayarsa. Tattara shi da ajiye shi da miƙa shi ga wani suna buƙatar hujja, mafi sauƙinta kuwa ita ce yardar mai shi, kuma ba a amfani da shi ga wata manufa dabam da wadda aka faɗa masa. Bayanan lafiya suna da kariya ta musamman. Hoton yaro a cibiyar kula da tamowa kuwa, ko ba a rubuta kome a ƙarƙashinsa ba, ya riga ya bayyana halin lafiyarsa. Irin waɗannan dokoki sukan sassauta wa aikin jarida da bincike da fasaha, bisa sharaɗin kiyaye ƙa'idojin sana'a, sukan kuma ƙyale abin da mutum ya ajiye domin amfanin kansa kawai. Wannan ƙyalewa tana ƙarewa daga lokacin da ya tura hoton ga jama'a.

Hanya ta uku ta hukunci ce. Doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 a kan laifuffukan intanet ta tanadi horo, a aya ta 31, ga wanda ya yaɗa bayanai, har da hotuna, masu iya ta da hankalin jama'a ko taɓa mutuncin ɗan Adam. Gyaran da aka yi mata a watan Yuni na 2024 ya kai hukuncin ɗaurin shekara 2 zuwa 5. Wannan aya kaifi biyu gare ta: tana iya kare wanda aka wulaƙanta, amma faɗin ma'anar ta da hankalin jama'a yana iya sa a juya ta kan wanda ya nuna wahalar da magabata ba su so a gani, kamar yadda tarihin 2005 da 2006 ya koya mana.

Tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010, wanda ya kare alfarmar gida da sirrin wasiƙu, an dakatar da shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Amma yarjejeniyoyin duniya da ƙasar ta shiga suna nan: aya ta 17 ta yarjejeniyar haƙƙoƙin farar hula da siyasa ta 1966, wadda Nijar ta shiga a 1986, da aya ta 16 ta yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, wadda ta amince da ita a 1990, dukansu sun hana kutsa kai cikin rayuwar mutum ba bisa ƙa'ida ba. Ga mai binciken da aikinsa ke ƙetarawa zuwa Katsina, can kuma sashe na 37 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 da dokar kare bayanai ta 2023 ke aiki.

A ƙarshe kada a haɗa wannan da haƙƙin mallakar fasaha. Yarjejeniyar Bangui ta 1977 da dokar Nijar ta 2010 a kan droit d'auteur mai ɗaukar hoto suke karewa. Hoton nasa ne, amma fuskar da ke ciki ba tasa ba ce, kuma mallakar na farko ba ta ba shi iko a kan ta biyu.

5. Fili da gida a ƙasar Hausa

Dokar da muka gada ta raba wurare gida biyu, lieu public da lieu privé. Zaman Hausawa bai rabu haka kai tsaye ba, hawa-hawa ne. Akwai kasuwa da tasha da hanya, inda kowa ke ganin kowa. Akwai ƙofar gida da dakali, inda maigida ke zama da abokansa. Akwai zaure, inda baƙo namiji ke tsayawa bayan ya yi sallama. Akwai cikin gida, wanda ba ya shiga sai da izini. Bakin rijiya, a idon doka, fili ne na kowa, amma a al'ada namijin da ya tsaya can yana ƙare wa matan aure kallo ya yi rashin ta ido. Gona ba ta da katanga, amma tana da mai ita. Addini ma ya ƙarfafa wannan, domin aya ta 27 ta suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba da izini ba, aya ta 12 ta suratul Hujurat kuma ta hana binciken asirin mutane.

Kalmomin da Bahaushe ke auna cuta da su a nan su ne kunya, da mutunci, da rufin asiri. Biyun farko suna cikin halayen da Anthony Kirk-Greene ya lissafa a nazarinsa na 1974 a kan mutumin kirki. Rufin asiri kuwa yana nufin mutum ya iya ɗaukar nauyin iyalinsa ba tare da duniya ta san rashinsa ba. Saboda haka hoton rumbu wayam, ko na magidanci a layin rabon hatsi, ko na yaro ramamme a hannun uwarsa, tonon asiri ne na gida ɗungurungum, ya shafi miji da kakanni da dangi, ba wanda ke cikin hoton kaɗai ba. Doka tana kallon mutum ɗaya mai haƙƙi, al'ada tana kallon gida. Akasin haka kuma, mai kiɗa a dandali, ko ɗan dambe, ko mahayin doki ranar salla, ya fito ne domin a gan shi, kuma da wuya ya ƙi hoto. Ashe ba wurin da mutum yake tsaye kaɗai ne ma'auni ba, har da halin da aka same shi a ciki.

6. Matsalar yarda

Kusan duk dokokin da muka ambata a kan yarda suka rataya, amma yarda a karkara tana da wuyar tantancewa. Da farko, wa ke ba da ita? Baƙo yakan sauka wurin mai gari, a haɗa shi da ɗan rakiya, ya ɗauka cewa an buɗe masa gari duka. Izinin mai gari na shiga gari ne, na likita kuma na shiga asibiti, babu ɗayansu da ya maye gurbin yardar mai fuska, ko ta iyaye idan yaro ne.

Na biyu, yarda da me? Matar da ta ce to ga ɗalibin da ya ce mata aikin makaranta ne ba ta yarda a manna hotonta a allon talla ba, ko a sa shi a Facebook inda ɗanta da ke ci-rani a Legas zai gani. Na uku, shin tana da halin ƙi? Idan mai na'ura ya sauko daga motar da ta kawo maganin ɗanta, shirunta ba yarda ba ne, kuma dangwala yatsa a takardar Faransanci da ba a fassara mata ba bai ƙara kome ba. Ƙa'idojin aiki da ƙungiyar Croix-Rouge da manyan ƙungiyoyin agaji suka amince da su a 1994 sun yi nuni ga wannan a ƙa'ida ta goma, inda suka ɗauki alkawarin nuna waɗanda masifa ta shafa a matsayin mutane masu daraja, ba abin tausayi kawai ba.

Ko da an tabbatar da cuta, hanyar neman haƙƙi tana da nisa. Sai mai ƙara ya san an buga hoton, ya san wanda ya buga, ya sami kuɗin mota da na lauya, alhali wanda yake ƙara yana iya kasancewa a Landan ko Paris. Wannan shi ya sa a aikace nauyin ya koma kan mai ɗaukar hoto tun kafin ya danna.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya cewa: ɗaukar hoton kasuwa ko hanya inda ba a ware kowa ba ba shi da matsala a doka, keɓe mutum ɗaya a yaɗa hotonsa ba da yardarsa ba yana iya jawo diyya ko hukunci, hoton yaro, ko maras lafiya, ko wanda ke cikin halin ƙunci, shi ya fi kowane buƙatar taka-tsantsan.

Ga masu fita bincike muna ba da shawara huɗu. A nemi izinin mutum shi da kansa, da Hausa ko Fulatanci ko duk harshen da yake ji, a faɗa masa inda hoton zai je. Yardar baki da aka naɗa a waya ta fi sa hannun da ba a fahimta ba. Idan yanayin aiki ya sa an ɗauka kafin a tambaya, a nuna masa hoton nan take, a goge idan ya ƙi. Idan abin da ake son nunawa sana'a ce ko kaya, a ɗauki hannu da kayan aiki a bar fuska. A kuma koma da hotunan wurin masu su. Jean Rouch ya yi haka a 1954, lokacin da ya nuna wa masuntan Ayoru fim ɗin farautar dorina da ya ɗauka a wurinsu, suka soki kiɗan da ya sa a ciki, ya karɓi gyaransu. Abin da ya yi da injin nuna fim da farin ƙyalle, ɗalibin yau yana iya yin sa da wayar da ke aljihunsa.

Sauran aiki yana kan sassan shari'a da na harsuna: a tattara hukunce-hukuncen kotunan Nijar a kan wannan batu, a kuma daidaita kalmomin Hausa da za a riƙa neman yarda da su, domin mutumin Gangara ya san abin da ake tambayarsa kafin ya amsa.